Kunnen Mai Famfo

Ƙanin matata ne, marigayiya, amma kowa Mai Famfo yake kiransa. Shekara talatin da huɗu ya yi yana kula da injinan da ke tura ruwa daga madatsa zuwa gari. Ɗakin aikinsa taga ɗaya gare shi, da inji biyu, da benci, da gwangwanin giris rataye a ƙusa. Ana ba ma'aikata auduga su toshe kunne, shi kuwa bai taɓa sawa ba, domin da kunne yake gane injin da zai lalace tun kwana biyu kafin ya tsaya. Ƙarfe sha biyu akan kashe injinan su huce, sai ya fito bakin ruwa ya zauna. A cikin shirun nan ya koyi kukan tsuntsaye, ba tare da ya buɗe littafi ba.

Ni malamin makaranta ne, horon mishan, inda aka koya mana jan layi da rula, da sa kwanan wata a kusurwar dama, da ƙin rubuta abin da ba a tabbatar ba. Sai muka yi ƙa'ida. Kowace bazara, bayan ruwan farko, mukan yini guda a madatsa. Shi zai ji kuka ya faɗi suna ya nuna wuri, ni in duba da tabaran hangen nesa. Tsuntsu ba ya shiga littafi sai kunnensa ya ji, idona ya gani. Shekara ashirin da shida ke nan, muna cikin littafi na biyar.

Bana, saura kwana uku mu tafi, 'yarsa ta zo gidana.

"Baba, ƙaninka fa kunnensa yana tafiya," in ji ta. "Waya tana ƙara a aljihunsa sai maƙwabci ya taɓa shi. Na ce mu je asibiti, ya ce mu ne muka koyi magana ƙasa-ƙasa kamar masu gulma. Ku da za ku yini tare, ka lura da shi."

Ranar tafiya, ni da shi muka hau motar farko, ƙarfe shida da kwata, muka sauka a mararraba, muka taka minti arba'in.

"Ticha, har yanzu wannan hular?" ya ce. "Tun Yaya tana amarya. Tsuntsayen ma sun haddace ta."

"Kai da aka ɗauko ka kana majina ranar aurena, yau hulata kake gani."

Ƙarfe bakwai da minti goma ya ɗaga yatsa. "Ragon maza, can ƙasan gora." Na duba, yana nan. Sai kurciya, sai dinya biyu da suka tashi daga tsakiyar ruwa, duk ya riga ni. Guza ya ratsa kan siminti yana jan wutsiya, kurege ya tsaya da ƙafa biyu yana kallonmu. Na fara cewa a raina yarinyar nan ta cika tsoro.

Ƙarfe tara da minti arba'in muka isa dajin ƙaya da ke bayan ɗakin inji, wurin ƙananan tsuntsaye. Ya rufe ido kamar kullum. Ni kuma, karo na farko a shekara ashirin da shida, na saurara da kaina. Wurin cike yake da siririn kukan tsada, 'yan mitsitsin tsuntsayen nan.

Ya buɗe ido. "Ka ji shirun? Babu su. Masu feshin maganin ciyawa sun gama da ƙananan. Bara ma haka. Rubuta, Ticha: tsada, babu. In mun koma ka tsara mini takardar ƙara, littafinka ne shaida."

Na riƙe fensir ban rubuta ba. Guda bakwai na ƙirga a reshe ɗaya, ko taku goma ba su kai ba daga inda yake tsaye. Na miƙa masa tabaran.

"Me zan yi da wannan? Aikinka ne."

"Duba reshen da ya karye. Ka dubi maƙogwaron na ƙarshe."

Bai iya riƙe abin ba, sai da na daidaita masa. Ya daɗe yana kallo.

"Kuka yake yi?"

"Kuka yake yi."

"Yanzu?"

"Yanzu ma."

Ya sauke tabaran a hankali, ya juya ya dubi ɗakin inji, inda wani ma'aikaci yake tsaye a ƙofa da abin toshe kunne a wuya. Muka zauna a kan bututu. Na ce bari in sa "an gani", tunda gani na yi.

"A'a," ya ce. "Ban ji ba. Bar layin haka." Can ya ƙara, "Bara guda nawa muka rubuta babu?"

Na juya shafi. Uku ne, duka ƙanana masu siririyar murya. Da hannuna na rubuta su, ban ko ɗaga tabarau ba, domin inda ya nuna kaɗai na saba dubawa. Ni da nake dukan tebur a aji kan a tabbatar kafin a rubuta.

Ba mu kai yamma ba. A mota bai tsokane ni ko sau ɗaya ba. Ran Litinin 'yarsa ta raka shi asibiti, likita ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, sai dai a tsare sauran. An ba shi na'ura ta kunne. Ya ce da ita yana jin cokali da kujera da numfashinsa, amma tsada kamar ana kaɗa ƙusoshi a gwangwani.

Da na je duba shi, ya ce in goge babu ukun nan na bara. Na goge a gabansa, a kan teburin falo, amma na danna fensir sosai lokacin da na rubuta, har yanzu ana iya karantawa. Na tambaye shi ko za mu je baɗi. Yana kallon taga, bai amsa ba. Ban sani ba ko bai ji ba ne, ban kuma maimaita ba.