Jarkokin Ruwa a Bayan Tirela

Saboda Inna na sayi tirelar. Bayan an yi mata tiyata a gadon baya, sai ta koma zaman ɗaki a gidanmu na Springfield, nan ƙasar Turawa, daga gado sai kujera. Wata safiya ta ce in nemo mata tikiti, gida za ta. To wa ke gidan da zai kula da ita? Duk mun watse. Na ce a raina, matar nan waje take so ta gani, kuma waje zan kai ta.

Tirelar ɗaki ce guda mai tayoyi, da gado da banɗaki da wurin girki. Gabanta kan hau bayan a-kori-kura, ya zauna a kan wani faifan ƙarfe ya kulle. Na yi ta cika baki a masallaci, ni injiniya, wai ɗaki zan ja zuwa duwatsun Virginia.

Tafiyar farko, wayyo Allah! Muna hawa babbar hanya motar ta fara fizga. Duk gaɓar kwalta da muka taka, sai tirelar ta ja mu baya, ta kuma tunkuɗo mu gaba. Na duba madubi na ga Inna ta riƙe kujera da hannu biyu, ta cije leɓe, hawaye na zuba. Juyawa muka yi. Kwana uku ba ta iya tashi salla a tsaye ba. Da ta samu sauƙi ta ce, "Kai wannan, ka ji tsoron Allah. Tikitina kawai."

Haushi ya cika ni. Na zagi hanya, na zagi wanda ya ƙera motar, na yi wa maiɗakina tsawa a kan abin da ba laifinta ba. Na rage iskar taya, na ƙara, duk a banza.

Ranar Juma'a wani dattijo ɗan Nijar da ke Silver Spring, tsohon direban manyan motoci, ya ji ina ta mita. Ya ce zai zo ya gani. Da ya zo bai ko kalli injin ba. Ƙofar tirela ya buɗe, ya nufi can ƙarshe, ya tsaya, ya kwashe da dariya har da riƙe ciki.

"Injiniya, rijiya za ka haƙa ne ko fari ake yi a ƙasar nan?"

Jarkoki ne jere, cike da ruwa, ga tankin tirelar shi ma na cika shi fal. Ga buhun shinkafa, ga turmi, ga manyan tukwane. Na ce, "Alhaji, ai ba a tafiya ba ruwa. Alwala fa?" Ya ce wurin da za mu akwai famfo a gindin kowace tirela. Na sani sarai, wallahi na karanta. Amma wanda ya tashi da tara ruwa ba ya yarda da famfon da bai gani ba. Kuma na tura kayan can baya ne yadda ake lodi a tasha, mai nauyi a ƙurya.

Ya ce nan matsalar take. Nauyi a wutsiya yana ɗaga gaban tirela, sai ya yi ta wasa a kan faifan maimakon ya zauna daram. "Ko kamiyo, babbar motar kaya, ka yi wa wannan lodi, sai ta karya maka ƙugu." Muka zubar da ruwan a kan ciyawa, ina jin kamar zunubi nake yi. Sauran kayan muka dawo da su gaba, saitin tayoyi. Ya sa na je sikelin manyan motoci na auna, ya sa aka ɗaura min jakunkunan iska a kan sifirin motar na baya, ya nuna min yawan iskar da ta dace da tayoyin. Muka zaga da shi a motar. Tsit, ba fizga! Na ji kunya, na kuma ji daɗi.

Shawo kan Inna ya fi gyaran wuya. Maiɗakina ce ta lallashe ta, da alkawarin in ta ji ko ɗan ciwo za mu juya. Na tuƙa, ido rabi a hanya rabi a madubi. Muka taka gaɓar farko, ta biyu, ta goma. Hannunta ya saki kujerar. Can sai na ji tana yi wa maiɗakina tsiya a kan yajin da ta manta a gida. Alhamdu lillahi.

Da hantsi muka tsaya kusa da wata gonar masara. Inna ta sauko da kanta, ta ture hannun da na miƙa mata. Ta sunkuya a hankali, ta ɗebo ƙasa, ta murza, ta sansana.

"Ƙasar nan tana da kyau," in ji ta. "Yaushe suke shuka a nan?"

Na ce sai sanyi ya wuce, da sauran wata bakwai.

"To ka share min bayan gidan nan naka. Kuɓewa zan sa, da rama."