Oba-obar Shugaba

Shekarar da ƙungiyarmu ta manoman masara ta sayi oba-oba guda biyar, wato rediyon hannu na kiran juna, ni ne magatakarda. Gonakinmu suna cikin wani kwari tsakanin Ƙarfi da Malumfashi, inda waya ba ta samun sabis sai mutum ya hau tudu. Da kaka kuwa dole a riƙa jin juna. Aka ba mai gadin sito ɗaya, direban motar kwasa ɗaya, ni ɗaya, sauran biyun na shugaba da mataimakinsa.

Shugaban namu wani Alhaji ne, dattijo mai gonaki da yawa, wanda tun da aka zaɓe shi ba a taɓa yi masa musu ba. Ya daɗe yana jujjuya na'urorin kafin ya zaɓi tasa, alhali duk iri ɗaya ne, sannan ya sa baduku ya ɗinka mata gidan fata.

Bayan mako biyu ya kira ni gindin ɗorawar da muke zama.

"Malam, wannan abar ba ta da murya," in ji shi. "Sai ka ce mai yi mini raɗa."

Na karɓa na kira mai gadi. Muryarsa ta fito tangaran, har kukan akuyar da ke bayansa na ji. Kafin in buɗe baki, mataimaki ya riga ni.

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Ni ma da ƙyar nake tsintar maganar."

Kowa ya juyo yana kallona. Sai na ji bakina ya ce, "E to, akwai ɗan rauni."

Da wannan ɗan raunin na ɗauko wa kaina aiki. Na murɗa maɓallin ƙara har ƙarshe. Na cire batir, na goge bakinsa, na yi masa caji. Na ƙara ɗaure eriya. Na zare ta daga gidan fatar, don baduku ya rufe rabin ramukan da murya ke fita. Alhaji ya kara a kunne ya girgiza kai. Daga nan na yi dabara, na musanya tawa da tasa ba tare da ya sani ba. Washegari ya ce abin ma ƙaruwa ya yi. A ranar na san inda ciwon yake, na kuma san ba ni zan faɗa ba.

Aka tura ni Funtuwa wurin wani mai gyaran rediyo, mutum mai furfura da ba ya yawan magana. Ya kwance ta Alhaji ta asali, ya kakkaɓe dusar masara daga lasifikar da tsohon buroshin haƙori, ya tono wani jan abu da ya bushe a ramukan.

"Wa ke yi mata magana da goro a baki?" ya tambaya.

Na ce wani babba ne. Ya hure ramin da ake sa abin kunne, ya mayar da komai, ya kunna. Sai da mai shayin da ke gefe ya waiwayo. Na ba shi labarin musanyar da na yi. Ya dube ni ta saman tabarau.

"To, Malam, wancan gyaran ba na teburina ba ne."

Da na dawo, Alhaji ya ce ta ɗan yi dama amma da saura, don haka aka kafa kwamiti. Wani ya ce kamfani ne ke aiko mana da rubabbu. Wani ya ce manoman ƙetaren rafi ne ke janye mana murya da tasu na'urar. Mataimaki ya ce mai gadi ne ba shi da ladabi, da gangan yake ƙasa da murya. Aka yanke shawara kowa ya riƙa ɗaga murya. Cikin kwana uku muryar mai gadi ta dishe.

Ana haka wata rana da hantsi direba ya kira ya ce mota ta kafe a rafi. Alhaji ya ji "mota ta tafi". Ya ce madalla, Allah ya kai lafiya, ya umarci kowa ya kashe tasa don a huta da batir. Ni na ji daidai, mataimaki ma haka, amma kowa ya zauna jiran wani ya fara yi masa gyara. Direba ya wuni cikin laka da buhuna har la'asar.

Yayar Alhaji ce ta raba gardamar, wata tsohuwa da ta kawo wa 'yan ƙwadago fura ta tarar ana mayar da zance. Ta tsaya a gabansa.

"Kai, ba ƙarfen nan ba ne, kunnenka ne. Tun bara sai na kira ka sau uku kake waiwayowa."

"Yaya, a gaban mutane?"

"Mutanen da suka bar ka haka? Gobe ka shirya."

Ta sa shi a keke mai ƙafa uku zuwa asibiti a Malumfashi. Ashe dauɗa ce ta toshe kunnuwan biyu. Aka wanke, ya dawo ya ce mana likita bai ga komai ba.

Mu kuwa mun riga mun saba da sakin baki a oba-oba. Kwana biyu yana zaune shiru da tasa a cinya. Ya ji direba yana kiransa da wani suna da ba zan rubuta ba. Ya ji mataimaki yana kwaikwayon muryarsa. Ya ji ni ina cewa, "Ku dai ce masa to, sannan ku yi abin da ya dace." A rana ta uku ya danna ya ce, a hankali, "Malam, ba sai ka yi ihu ba. Ku same ni gindin ɗorawa."

Bai yi faɗa ba. Ya karɓe ta mataimaki ya ba mai injin casa. Sannan ya sanar cewa bisa jajircewar shugabanci an shawo kan matsalar na'urori, ya ce in rubuta a littafin taro cewa laifin batir ne. Na rubuta, na karanta musu, kowa ya ɗaga hannu ya amince.