Ragar da Baba Ya Ƙera wa Akori-kura

Akwai abu ɗaya da na yi da hannuna wanda har yau, da furfura ta cika mini kai, nake cewa ina ma ban yi ba. Na cire ragar gaban motar yayana yana can aikin hajji, na bayar da ita kyauta, ban tambayi kowa ba.

Motar tsohuwar akori-kura ce, irin masu dogon hanci, wadda ta riga wasu 'ya'yanmu zuwa duniya. Yaya ne ya saye ta, ni ne direba. Da ita muke ɗauko gero da dawa daga Magami, mu kai wake Tsafe, mu dawo gida Bungudu da gishiri da kalanzir. Ba ta da gudu, amma ba ta taɓa ƙin kaya ba. Da safe sai an lallashe ta kafin ta tashi, in kuwa ta tashi to har dare ba ruwanta da kowa.

Ragar da ta zo da ita daga kamfani ba ta daɗe a hannunmu ba. Wani sa ne ya kubce wa masu shi a kasuwar Tsafe, ya zo ya kai wa gaban motar karo, ragar ta tarwatse, Allah ya tsare lagireto bai fashe ba. A lokacin ni ina Kaduna wurin koyon tuƙin babbar mota. Da na dawo sai na tarar da wata raga a wurin, ta baƙin ƙarfe, sanduna a tsaye, wani ya fi wani kauri, tazararsu ma ba daidai ba. Aka ce mini Baba ne ya ƙera. Babanmu maƙeri ne, galma da fartanya da lauje ne aikinsa, bai taɓa yi wa mota komai ba sai wannan. Ban tambayi yadda aka yi ba, na dai ga ba ta da kyau.

Direbobi a tasha ba su bar ni na huta ba. Suka sa wa motar suna Mai Wawulo. Ina shigowa sai wani ya ce a matsa, ga tsohuwa ta zo neman mai tauna mata goro. Ina dariya tare da su, amma abin yana cina. Na sha yi wa Yaya maganar a canza ragar, sai ya ce in bar ta, tana aikinta. Bayan rasuwar Baba na sake tayar da maganar, sai ya kawo wata maganar daban.

Shekarar da Yaya ya samu kujerar Makka, ya bar mini mota da gida duka. Da dawowar alhazai ta matso aka fara abin da aka saba, aka yi wa zaure sabon shafe, aka yi fenti a ƙofa, aka rubuta maraba da Alhaji. Ni kuma na ce a raina ba zan ɗauko sabon alhaji a mota mai wawulo ba.

Na kai ta wurin wani mai walda a Tudun Wada, a Gusau. Muka tsuguna a ƙasa ina zana masa abin da nake so da tsinke. Farantin ƙarfe guda, a yanka wata da tauraro a tsakiya, a kewaye su da ƙananan huji kamar na kwando, a bi gefen da ruwan zinare, a kuma manna ƙananan madubai biyu a kusurwa. Shi ma abin ya shige shi, har ya ƙara wani zanen fure da ban ce ba. Daga ni har shi babu wanda ya tuna cewa ta wannan wurin inji ke shan iska. Kyau kawai muke nema.

Da ya kwance tsohuwar ragar ya jingine ta a bango, ya tambaye ni ko zan tafi da ita. Na ce ya riƙe, ƙarfe ne mai kyau, zai yi masa amfani. Haka na faɗa, ko juyawa ban yi na sake kallonta ba.

Ranar da alhazai suka sauka Gusau na fito da sassafe, mota ba kaya, gari da sanyi, lafiya lau na iso. Dangi kuwa tun jiya suka taru a gidan wata gwaggonmu da ke can Gusau. Matar Yaya ce ta fara ganin gaban motar. Tsakaninmu akwai wasa irin na ƙanen miji, ba ta raga mini ko kaɗan. Ta riƙe haɓa ta ce, "Auta, kai ma Makka ka tai da ita? Ga ta da haƙorin zinari tun mai ita bai iso ba." Mata suka yi ta dariya, ni kuwa sai ƙara goge madubin nake da hannun riga.

Yaya ya fito cikin farar jallabiya, ya rame, ya yi haske. Muka rungume juna. Ya zagayo zai shiga gaba, sai ya tsaya. Ya daɗe yana kallon wata da tauraron nan. Na zaci murna ce ta hana shi magana. Ya ce sannu da aiki, ya shiga ya zauna.

Muka kama hanyar Bungudu da rana tsaka, baya cike da mata da yara da jakunkuna, ina tafiya a hankali ina danna oda don duk wanda ke bakin hanya ya san mun ɗauko alhaji. Ba mu yi rabin hanya ba na fara jin wani wari, sai tururi ya taso ta gefen bonet. Na gangara gindin wata bishiyar bedi na kashe mota. Lagireto na ta tafasa kamar tukunyar tuwo. Matar Yaya ta leƙo daga baya ta ce in da ta sani da ta taho da gari, a tuƙa wa baƙi abinci a nan.

Yaya bai yi dariya ba. Ya sauko ya shimfiɗa darduma a inuwa, ya ce in zo in zauna, ba a buɗe lagireto da zafi. Na zauna. Can sai ya ce, a hankali, yadda na baya ba za su ji ba, "Ina ƙarhen Baba?"

Na gaya masa gaskiya.

Ya murza carbinsa. Sannan ya ba ni labarin da ban taɓa tambaya ba. Ya ce lokacin da san ya fasa ragar, hannun Baba ya riga ya fara rawa, ya ma daina karɓar aiki. Amma da ya ga gaban motar a buɗe sai ya ce a hura masa wuta. Yaya ne ya yi masa zuga, shi ya riƙe masa awartaki. Sandunan da nake ganin ba su daidaita ba, rawar hannun ce. Tun daga wannan aikin Baba bai sake ɗaga masaba, gudumarsa ta ƙira, ba. Yaya ya ce duk safiya in zai duba ruwa, a kan ragar yake dafa hannu.

"Ba ka nan aka yi," in ji shi. "Ni ma da laifina, da na hwaɗa maka."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Muka jira inji ya huce, muka zuba ruwa, na ɗaga bonet kaɗan na tokare da dutse don iska ta shiga, muka ƙarasa gida a haka.

Washegari, gida cike da masu zuwa karɓar dabino da zamzam, Yaya ya sulale ya ce in tayar da mota. Muka koma Tudun Wada. Mai walda ya ga alhaji da kansa, ya rasa inda zai sa kansa. Ya riga ya yayyanka sandunan, ya yi ƙafafun murhun gawayi da su, 'yan kasuwa sun kwashe. Saura ɗaya a ƙarƙashin tebur, wanda aka ƙi ɗauka saboda ƙafa ɗaya ta karkace. Yaya ya juya shi, ya shafa ƙafar, ya nuna mini sawun masaba a jikinta. Mai walda ya rantse ba zai karɓi komai ba.

Inna muka kai wa. Yaya ya ajiye a gabanta bai yi dogon bayani ba, ya ce ƙarfen Baba ne. Ta sa yatsa ta bi ƙafar, ta ce ta gane. A kansa ta riƙa ɗumama kunu har ƙarshen rayuwarta, tana tokare ƙafar da ta karkace da guntun kasko.

Na ce wa Yaya zan cire farantina in jefar. Ya hana. Ya ce an riga an zubar da aikin mutum ɗaya a gidan nan, ba za a ƙara na biyu ba. Ya ɗauko kurfin Baba na huda ƙarfe, muka faɗaɗa hujin ni da shi, har watan ya koma kamar ɓarin ƙwarya, tauraron kuwa ya ɓace gaba ɗaya. Motar ba ta sake tafasa ba. 'Yan tasha suka samu sabon abin dariya, wannan karon ban damu ba. A haka ta yi ta aiki har Yaya ya tsufa, har Allah ya karɓi abinsa, kuma ko sau ɗaya bai sake tayar mini da maganar ba.

Ku da kuke karanta wannan, roƙona gare ku kaɗan ne. In an bar muku amanar abu, kuka ga wani wuri a jikinsa da bai yi muku kyau ba, kada ku yi irin tawa. Ku jira mai shi ya dawo, ku tambaye shi wa ya yi, kafin ku ɗauko sifana.