Shekara Bakwai Bayan Yaya Saratu, an Goge Mata Hannu a Hoto

Shekara bakwai ke nan, a irin wannan lokaci da ganyen itatuwan unguwarmu ta Gorton a Manchester ke zuba, da muka raka Yaya Saratu makwancinta. Ban taɓa rubuta komai a kanta ba. Ni ba marubuciya ba ce, aikina kula da tsofaffi. Abin da ya sa na ɗauki biro bana wani taro ne da na je a Birmingham, wanda har yau in na tuna shi sai na ja tsaki.

Ba jini ya haɗa mu ba. Ita Kirista ce 'yar Wusasa, ni Musulma daga Kano, bango ɗaya ya raba kicin ɗinta da nawa. Ta girme ni nesa ba kusa ba. Ita ta koya mini yadda ake yi wa GP, wato likitan unguwa, bayani har ya saurari mutum. Mijinta ya rasu tun 'yarsu Rifkatu na firamare, ita kaɗai ta riƙe gidan da aikin goge-goge a ofisoshin unguwar Ardwick. In ta dawo ta ci abinci, sai ta jawo kwandon ulu da kwarashinta.

Da an koma makaranta a watan Satumba take fara shirin sanyi. Hulunan jarirai, safar hannu marar yatsu, abin naɗa wuya, da ƙananan barguna na rufe gwiwa don tsofaffin cocinsu. Launin lokacin kaka take so, ruwan ƙasa da ruwan goro da ja mai duhu, wai su ne ba sa nuna datti. Ba ta duba takarda, a kanta take lissafin komai.

Sai dai hannun ya sha wuya. Ruwan wanke banɗaki ya cinye fatar, daga baya amosani ya kama gaɓoɓin, yatsun suka kumbura suka karkace. Ba ta daina ba, dabara ta sake. Kafin ta taɓa ulu sai ta tsoma hannuwanta a ruwan ɗumi, ta murza su da man kaɗe. Ta naɗe gindin kwarashin da ƙyallen atamfa, ta bi da filasta har ya yi kauri, don kada ta riƙa matse shi. Ta sa matashi ƙarƙashin gwiwar hannu. Duk layi goma sai ta ajiye, ta shimfiɗa tafukanta a kan tebur ta ware yatsu. Ranar da na fara koyo ina sauri, ta fizge kwarashin ta ce, "Binta, waye ke korarki? In hannu ya ce ya gaji, ki ji maganarsa."

Rifkatu kuwa kunyar abin take ji. Tun tana sakandare ba ta yarda ta sa hular uwarta ta fita. Da ta shiga jami'a, in ƙawayenta za su zo, sai ta bi kujeru ta kwashe duk wani abin saƙa ta cusa a bayan ƙofa. Da ta samu aiki ta kama hayar flat a Erdington, can Birmingham, uwar ta yi wata biyu tana saƙa mata bargon gado, ta hau mota ta kai mata da kanta. Bayan 'yan watanni Rifkatu ta zo Manchester, na taya ta fito da kaya, na ga bargon a but ɗin mota, an ɗora masa galan ɗin mai. Yaya Saratu ma ta gani. Ta koma ciki ta ɗora shayi.

Kwana uku bayan biso, baƙaƙen ledojin shara na gani jere a ƙofar gidanta, cike da saƙe-saƙenta. Aikin shekara da shekaru, za a kai shagon gwanjo. Na roƙi kwarashin nan kawai. Rifkatu ta ce, "Anti, wannan abin mai datti? Ai na jefar."

To, zamani ya juya. Yanzu saƙa ta zama abin gayu, 'yan mata na yi a jirgin ƙasa suna ɗaukar kansu hoto. Rifkatu, wadda yanzu Becky ake ce mata, ta buɗe shafi a intanet, sunansa wai gadon mahaifiyarta. Bana ta aiko mini da gayyata: taron saƙar lokacin kaka, don tunawa da Mama. Na je, don ba na son a ce an kira sunan Yaya Saratu ba ni a wurin.

Ɗaki ne a saman wani gidan shan kofi. An watsa busasshen ganye a kan tebura, an kunna kyandir da rana tsaka. An rataye barguna masu kyau, amma ko ɗaya ba nata ba ne. Na ɗaga gefen ɗaya na ga gurbin da aka yanke tambarin shago. A bango ga babban hotonta. Na san hoton, ni na ɗauke shi a kicin ɗinta. Na matsa kusa, sai na ga an gyara hannun. An goge kumburin, an miƙar da yatsun, an yi musu sumul kamar na amarya. Abin da ya ci da gidan, ya biya wa yarinyar nan karatu, shi ne bai dace da bango ba.

Sai Becky ta miƙe ta yi lacca kan kula da hannu. Ga kwarashi mai mariƙin roba, ga safar matse tsintsiyar hannu, ga mai a ɗan mitsitsin kwalba, duk na sayarwa a bakin ƙofa. Ta dafa ƙirji ta ce ita ke murza wa Mama hannu kullum. Matan suka yi ajiyar zuciya. Ni da na shekara ina shiga da safe in ɓalla mata maɓallin riga, na zauna ina kallon silin.

Can wata dattijuwa Baturiya ta ce a nuna mata yadda ake fara sarƙa, layin farko na saƙa. Becky ta ɗauki kwarashin kamar mai shirin soke nama, zaren ya zame, ta sake, ya sake zamewa. Ta yi dariya ta ce, "Anti Binta, please, zo ki nuna musu yadda Mum take yi."

Na tashi. Da Hausa na ce mata, ba da ƙarfi ba, "Uwarki ta so ta koya miki. Kin ce warin tsufa yake yi."

Fuskarta ta canza, amma kyamara na kanta, sai ta ci gaba da murmushi. Na zauna kusa da dattijuwar na nuna mata, don ita ba ta yi mini laifi ba. Ban jira kek ba na kama hanyar tasha.

A jirgi na yi ta tunanin abin da Yaya Saratu za ta ce da ta ga wannan. Na san za ta juya bargunan nan ta duba bayansu, ta taɓe baki ta ce ba za su kai wanki biyu ba. Na san za ta yi dariyar mai a kwalba. Amma na kuma san za ta koma gida da farin ciki, don 'yarta ta kira sunanta a gaban mutane. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Kuma kada in wanke kaina. A lokacin kaka na ƙarshe da ta gani a duniya, ni na kai mata ulu na ce a yi wa jikata shawul, ina sane da halin da hannun ke ciki. Na shiga wata rana na tarar tana jan zare da haƙori. Na ce ta bari, amma ban ɗauke ulun ba. Tsakin nan da nake ja, akwai rabona a ciki.

Me ya rage nata? Gidan an sayar, ledojin sun watse. Amma makon jiya aka kawo mana wani tsoho ɗan Jos a gidan tsofaffin da nake aiki, tsohon direban tasi, da wata koɗaɗɗiyar hula da ya hana kowa kaiwa wanki. Na duba bakin hular na ga siririn layi ɗaya na kore, irin wanda Yaya Saratu take rufe duk aikinta da shi.

Na ce, "Baba, wa ya saƙa maka wannan?"

Ya ce, "Wata mata ce a tashar bas, makon da na sauka ƙasar nan. Ta ga ina rawar ɗari, ta ciro daga jaka ta ba ni. Ko sunanta ban tambaya ba."

Na ce sunanta Saratu. Ya maimaita a hankali, sau biyu, ya gyara hular ta rufe masa kunnuwa. Ya ce, "Allah Ya saka mata da alheri."