Sanda, Makaɗin da Sharhabil Ya Bari

Ranar Talatar nan, ƙarfe shida da kwata na safe aka kawo wuta a Abakpa. Malam Balarabe bai dubi ƙwan lantarki ba. Kalangu ne ya gaya masa daga zaure.

Makaɗin ba mutum ba ne. Ɗansa Sharhabil, mai gyaran fanka a Unguwar Shanu, shi ya haɗa shi: kai na tsohuwar tukunya, hannaye na injin goge gilashin mota. Ya kafa masa hula, ya raɗa masa suna Sanda. Aibinsa ɗaya, ba shi da makunni. Da wuta ta zo sai ya hau duka.

Ƙarfe bakwai uban ya tare ɗan a bakin ƙofa.

"Shekara talatin da biyar na yi ina aikin gwamnati, maroƙi bai taɓa kwana a gidana ba. Zuwa Juma'a ka fitar min da abokinka."

"Baba, ai ba ya roƙo. Ko an liƙa masa ba ya ɗauka."

"Kuma rigata ce a jikinsa."

"Ai kun ce ta yi muku kaɗan."

Ƙarfe goma aka ɗauke wuta, gida ya huta. Ƙarfe ɗaya Sharhabil ya dawo ya ci dambu, ya ce mako mai zuwa zai sa makunnin. Wata takwas ke nan yana faɗin haka. Ƙarfe huɗu ya ce kansa na sara. Laraba aka kwantar da shi a asibiti. Alhamis bayan la'asar aka kai shi makwancinsa, yana da shekara ashirin da bakwai.

Ranar Juma'a ana zaman makoki a ƙofar gida. Liman ya ɗaga hannu ke nan aka kawo wuta. Sanda, da aka lulluɓe da zanen gado, ya saki kiɗa. Liman ya ƙara murya, Sanda bai rage ba. Wani dattijo ya kama ƙafarsa tana bin kiɗan, ya danne ta da hannu yana istigfari. Malam Balarabe ne ya fi kowa kusa da wayar wutar Sanda, amma bai motsa ba. Sai da wani maƙwabci ya tsallake mutum huɗu ya fizge ta.

Bayan bakwai aka raba kaya. Tufafi aka yi sadaka da su. Kayan aiki aka bar wa Zaharaddeen, abokin shagonsa. Fanka goma sha ɗaya aka mayar wa masu su, uku ne kawai ke juyawa. Saura Sanda. Ɗan gwangwan ya zo da ma'auninsa, ya ƙwanƙwasa ƙirjin, ya dubi Malam Balarabe.

"Alhaji, ƙarfen mai kyau ne. A cire rigar in auna."

"Rigar ta yi min kaɗan. Bar shi, je ka."

Turai, uwar Sharhabil, ta leƙo daga tsakar gida. "Malam, ba kai ka ce zuwa Juma'a ba?"

"Ban ce wacce ba."

Ya gyara wa Sanda hula, ya mayar da wayar jikin bango, ya jawo kujera ya zauna jiran wuta.