Sunan da Malam Haruna Ya Ƙi Ji

Ina tsaye a aji huɗu da alli a hannu aka turo ƙofa aka ce Malam Haruna ya cika. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na sallami yara na zauna a bencinsu.

Shi ya kafa Islamiyyar da nake koyarwa a Faskari, kuma ba mutum ne mai sauƙi ba. In kika makara ba ya faɗa, sai ya dubi agogo ya ce, "Yara sun riga ki zuwa." Gara a zage ni da in ji wannan.

Shi ya sa mu cikin inshorar lafiya, bayan wani malaminmu ya sayar da gonarsa a Daudawa don jinyar matarsa. Daga baya kwamitin makaranta ya gano inshorar tana biyan maganin tazarar haihuwa. Aka nemi a cire, masu inshorar suka ce ƙa'ida ce, a ɗauka duka ko a bari duka. Kwamiti ya ce makarantar addini ba za ta sa hannu a wannan ba. Malam kansa ba ya son abin, mun sha ji a bakinsa.

Ni kuwa watana huɗu da tiyatar haihuwa ta uku. Likita ta gaya mana, ni da maigidana, cewa in na sake ɗaukar ciki kurkusa zan iya rasa raina. Da katin inshorar nake ganinta, da shi nake karɓar allurar tazarar, ba wanda ya sani. Mace ba ta tarar dattijo da irin wannan magana, sai na bi ta wajen matarsa, Hajiya Rabi, ta ba shi labarina.

Ranar zaman kwamiti muna zaune a baya. Shugaban, Alhaji Bala, ya ce, "Malam, in akwai malamar da ke amsar abin nan, hwaɗi sunanta mu sani."

Malam ya ce, "Ban san sunan kowa ba, Alhaji. Ra'ayina kun san shi, bai sauya ba. Amma in muka janye wata ta mutu, ni za a tambaya. Ba ni sa hannu a janye."

Shekara biyu ban iya haɗa ido da shi ba. Mutumin da ba a san shi da ƙarya ba, na ɗauka ni na sa ya yi ta a bainar jama'a.

Da na je ta'aziyya, Hajiya Rabi ta ja ni ɗaki. Ta ce, "Ɗiyata, ina cikin ba shi labarinki ya ɗaga mani hannu ya ce, kada ki hwaɗa mani sunanta, za a tambaye ni, kuma ba ni yin ƙarya. Har ya koma ga Allah bai san ke ce ba." Na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar.

Bayan addu'ar bakwai kwamiti zai sake zama kan maganar, kuma babu Malam. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Amma mun yi shawara da maigidana: in Alhaji Bala ya sake tambaya, zan miƙe in ce ni ce.

Allah Ka jiƙan Malam Haruna, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka ba Hajiya Rabi da 'ya'yansa haƙuri da mai tsaya musu. Ya Allah, ranar da za a tona kowa, Ka rufa masa asiri yadda ya rufa wa macen da bai ko san sunanta ba. Amin.