Yatsun Kawu

Jiya a motar Rogo wayar wani fasinja ta yi ƙara da kiɗan fiyano, sai kawai na ji hawaye na zubo mini. Kawuna na tuna, wanda ya shekara talatin yana koyar da fiyano a makarantar kiɗa a kudu, kafin tsufa ya dawo da shi Karaye, shi da tsohon fiyanonsa.

Shi ya koya mini. Idan na yi garaje, sai ya ɗora hannunsa mai ƙamshin man zafi a kan nawa, ya ce, "A hankali, uwata, ba sussukar dawa kike yi ba."

Zuwana na ƙarshe, sanyin ƙashi ya riga ya lanƙwashe masa yatsu. Ya ɗaga murfin da ƙyar, ya ce, "Ɗan taɓa mini, kunnena ya yi kewa."

Na ce, "Kawu, mota na jirana. Bari sai na dawo da Sallah."

Ya yi murmushi, ya rufe. Bai kai Sallar ba.

Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa. Ni kuma Allah Ya yafe mini gaggawata ta ranar.